Randar Mma

Shekara biyu ko uku kafin ƙasar nan ta samu 'yancin kai na samu aikin duba-gari, wanda mutanen unguwar Zango ke kira tankas. Aka ba ni kaki, da hula, da littafin sammaci, da wani dogon ludayi fari na leƙa randunan mutane. Aikina in shiga gida, in ɗaga murfi, in ɗebo ruwa in duba. In na ga tsutsar sauro tana wutsil-wutsil, sai in kifar da randar in rubuta sammaci. Mata na hango hulata daga bakin lungu za ka ji ana "Tankas! Tankas!", ana gudu ana zubar da ruwa a kwata. Ba zan ɓoye ba, abin yana mini daɗi.

Na kama ɗaki a unguwar Tafo, na sayi keke. Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, na bar ta a unguwar Alabar, a ɗaki ɗaya cikin gidan haya mai ɗakuna barkatai, inda ta goye ni. Masa take toyawa a ƙofar gida tun ina rarrafe. Mace ce mai baki. Hularka ta karkace, gaisuwarka ta yi gajere, ka taka tabarma da ƙafar da ba ka wanke ba, duk sai ta faɗa. Halinta na gado kaf, sai dai ni hukuma ta ɗora mini hula a kai.

A lokacin ba na iya zama wuri ɗaya. Gari ya ɗauki zafi da maganar siyasa, kowa na ganin gobe za a raba manyan kujeru, ni ma ina hango tawa. In na je gaida Mma ranar Juma'a, keken ma ba na kafe shi da kyau, jingina shi nake yi da bango. Ina tsaye nake gaisuwa, idona na yawo a tsakar gida. Ga gwangwanin madara da ruwan sama a ciki, ga kwata ta toshe, ga kwano a buɗe ƙudaje na biki. In yi ta faɗa, muryata har waje.

Mma kuwa tana zaune a bakin ƙofarta, ta lulluɓa da mayafi duk zafin nan. Abin da ban lura ba sai daga baya, ta daina kushe ni. Hulata ta karkace ko ta miƙe, ba ruwanta. Magana ɗaya ta rage mata.

"Kai dai ba ka zama. Zauna mana."

"Mma, sauri nake yi, ana jirana."

Babu mai jirana. Tashar mota ta Race Course zan je in tsaya cikin direbobi a yi gardamar wa zai ci zaɓe.

Wata Juma'a na tarar babu tanda a ƙofar gida, babu hayaƙi, babu masu jiran masa. Na ce madalla, ai na daɗe ina cewa toya abinci a bakin kwata ba tsabta ba ne. Har na ji a raina cewa maganata ce ta yi aiki. Ban tambayi dalili ba.

Bayan wasu makonni, wata Juma'a na ɗaga murfin randarta, don hannuna ya saba, ko a gidan biki sai na ɗaga murfi. Randar nan Mma ba ta yarda kowa ya taɓa ta. Duk bayan kwana biyu takan karkata ta, ta zuba yashi da soso ta dirje cikinta har ta yi ƙara. Ranar na sa ludayi na ɗebo, sai ga su nan, baƙaƙe, suna wutsil-wutsil. A gidanmu! Kunya ta kama ni, ta juye ta zama fushi. Na tuna matan da na rubuta wa sammaci a lungun nan, na ga yadda za su tafa hannu su yi shewa in labari ya fita.

"Mma, so kike ki tozarta ni? Uwar tankas da tsutsa a randa?"

Na kama bakin randar na kifar, ruwa ya malale tsakar gida har ƙarƙashin tabarmarta. Ba ta ko janye ƙafa ba.

Akwai wata tsohuwa Bamoshiya mai koko a ɗakin da ke kallon namu, Gwaggo muke ce mata. Ita ta fito, ta riƙe ƙugu, da Hausarta ta Zango wadda ba ta raba mace da namiji.

"Ei, Tankas! Ka gama aiki? Ruwan nan ni na ɗauko daga famfo, bokiti uku, da wannan baya nawa. Ni ina zubawa ne kawai, ba na iya juya tukunya. Kai ka gani tsutsa. Ka gani kwata, ka gani gwangwani. Mmanka fa, ka gani shi? Wata biyu hannunshi ya mutu, ba ya motsi koraa, ko kaɗan. Ya ce kar a faɗa maka, wai kana da babban aiki."

Na juya na dubi Mma. Wannan karon ita na duba. Na durƙusa na ɗaga gefen mayafin. Hannun daman yana kwance a cinyarta, yatsun sun lanƙwashe, ya rame kamar ba nata ba. Hannun da ke juya masa, hannun da ya sha ja mini kunne. Gwaggo ta ce da hagu take cin abinci, shi ya sa take rufe ƙofa in za ta ci. Juma'a takwas ina zuwa gidan nan, na ƙirga gwangwanaye, ban ga wannan ba. Wallahi na ji na tsani kaina, na tsani kakin da ke jikina.

Na zauna a jiƙaƙƙiyar tabarmar, ruwa na ratsa wandona. Ina jira ta zage ni, ina so ta zage ni. Sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yau ka zauna." Can kuma ta ce, "La'asar ta kusa, ba ni da na alwala."

Na tashi na samo yashi da soso na dirje randar. Na ɗauki bokitin Gwaggo na tafi famfo da kakina da hulata, na shiga layin mata. Waɗanda na taɓa rubuta wa sammaci suka yi ta kallona, wata ta ce wa ta kusa da ita yau tankas ya zo da kansa, sai a duba bokitinsa. Sahu huɗu na yi.

Daga ranar duk bayan kwana biyu nakan zo in wanke randar, in cika ta, in kafe keke da kyau in zauna. Zaman ma sai da na koya, ƙafata na ta rawa, kunnena na waje. Da ta ga na ɗan saba, bakinta ya dawo: yashin ya yi yawa, ban ɗauraye sosai ba, murfin na mayar da shi a karkace. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba. Amma ba a kai wata uku ba Allah ya yi mata rasuwa. Waɗancan Juma'o'i takwas da na yi a tsaye, har yau ina lissafa su.

Ranar da matan unguwa suka zo yi mata wanka, daga randar suka ɗebi ruwa. Kafin su fara na ɗaga murfin na leƙa, hannuna ne ya yi da kansa. Ruwan garau, har ƙasan randar ake gani. Na tsaya riƙe da murfin ina dube-duben tsakar gida, ko zan samu abin da zan yi faɗa a kai. Gwaggo ta karɓe murfin daga hannuna ta ce, "Je ka zauna, ɗana." Na je bakin ƙofar Mma na zauna.