Wandon Kawu da Ya Daskare

Ina shanya a barandarmu ta Pantai Dalam, can ƙasar Malesiya, lokacin kullen korona, gumi na tsiyaya, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Yana karatu a Ingila aka yi wani sanyi da ya daskarar da koguna, har ruwan famfo. Ya ce ya shanya wando, ya dawo ya tarar ya sandare kamar katako. Ya shigo da shi ɗaki, wando ya tsaya da ƙafafunsa.

"Sai ka yi yaya, Kawu?" mukan tambaya, alhali mun sani.

"Gaishe shi na yi mana. Na ce, Malam, ya sanyi?"

A cikin kullen nan ya rasu, ban samu jana'izarsa ba, babu jirgi. Amma ranar da nake shanyar na yi dariya har ’yata ta leƙo. Allah ya sauke shi inda babu zafi, babu jaura.