Igiyar Orval

Ban taɓa ganin mutum mai zafin hannu irin Orval Stenvik ba, kuma na daɗe ina sa kwale-kwalena kusa da nasa a Kogin Columbia. Kafinta ne, amma da kifin salmon ya fara haurowa sai ya rufe shago. Duk garin haka muke. Kifin nan shi ne naman gida, shi ne kuma ke jawo baƙin da ke cika masauki da gidan abinci.

Jere muke yi a faɗin kogi, jirgi kusa da jirgi, kowa ya saki anga, wato ƙarfen da ke riƙe jirgi wuri ɗaya. A bakin igiyar angar kowa akwai jarka, wadda ba ta nutsewa. In kifi ya ci ƙugiyarka, sai ka jefa igiya da jarkar a ruwa, ka bi kifinka ƙasa don kada ka sarƙe fatsar mutane. Jarkar ce ke riƙe maka wuri. Ko ɓarawo ba ya taɓa ta.

Wurin Orval na mahaifinsu ne, daidai inda ruwa ke karyawa, kuma ji yake da shi kamar ƙwai. Ƙanensa Lyle, mai ɗaukar baƙi 'yan birni a jirginsa, yana can gefe inda sai ciyawa ake kamawa.

Wata safiya Orval ya bi wani ƙaton kifi. Da ya dawo, sai ya tarar Lyle ya ture jarkarsa ya zauna a wurin, da baƙi a jirgi.

"Haba Yaya, aro na yi," in ji Lyle yana dariya. "Ai uban namu ɗaya, ko kai kaɗai ya haifa?"

Orval ya juya kan jirginsa. Ya taka inji ya banki jirgin Lyle, ya yi tsalle ya faɗa ciki da kulkin da muke kashe kifi da shi. Na ji ƙarar dukan daga inda nake. Haƙora huɗu Lyle ya tofar a cikin jirgi, baƙi na kururuwa, jini ya ɓata musu sababbin riguna. Sai da muka taru muka ɓanɓare shi. Ya yi zaman kurkuku, ya fito ko a jikinsa.

Daga nan ya rantse ba zai sake sakin igiya ba. Ya ƙulle ta tamau a goshin jirgi, ya cire jarkar ya jefar. In ya kama kifi, nan zai tsaya yana kokawa, ya sarƙe fatsar kowa. Na tsani wannan hali, na kuma faɗa masa.

"Orval, igiyar nan ita za ta ci ka."

"Ta ci ni ɗin, Darlene. Ke dai ki ji da miyarki."

To, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Shekarar da ƙanƙarar duwatsu ta narke da wuri, kogi ya cika ya tumbatsa, yana kwaso itatuwa. Da rana tsaka muka hango wani gungume ya nufo jere. Kowa ya jefa jarkarsa ya kauce, ban da Orval. Gungumen ya hau igiyarsa, ya danna goshin jirgi cikin ruwa. Ya ruga zai kwance ƙullin, igiya ta naɗe masa yatsu ta matse su da bakin jirgi. Ruwa ya kai masa ƙirji, yana ihu kamar sa a mayanka.

Na yi ta fama, na kasa tayar da inji. Lyle ne ya iso, da ɗan gatari a hannu. Igiyar duk ta nutse, babu inda ake ganinta sai inda hannun yake.

"Janye hannunka, Yaya!"

"Ya ƙi fita! Sara, ɗan banza, sara!"

Lyle ya sara. Igiya ta tsinke, jirgi ya yi sama, yatsu uku suka tafi da kogi. Ya cafko wansa a wuyan riga ya jawo shi, yana kuka yana zaginsa.

A asibiti ɗan sanda ya zo, don duk garin an san tarihin haƙoran, har wasu na cewa ramuwa ce. Ya tambayi Orval ko yana ganin da gangan ƙanen ya yi. Lyle na tsaye bakin ƙofa.

Orval ya ɗaga dungulmin hannunsa ya dube shi.

"Huɗu na cire masa, uku ya cire mini. Ku rabu da yaron nan, har yanzu yana bi na bashin ɗaya."

Yanzu jirgi ɗaya suke shiga, a wurin mahaifinsu. Lyle ke ɗaura masa ƙugiya, kuma igiyar a hannun Lyle take.