Malama Zubaida da Yaran da Kalmomi Suka Yi Wa Kaɗan

Kafin a kaɗa ƙararrawa, Malama Zubaida Inuwa ta riga ta sauka daga acaɓa a ƙofar makarantar da take koyar da Hausa a Gubuchi, jakar littattafai a kafaɗa. Ba ta fara darasi sai an karanta labari a bayyane. Haka take tun tana amarya, ga shi yau har da jikarta a ajin.

Abin da ke cinta shi ne, yaran na da labari a cikinsu, amma kalmomi sun yi musu kaɗan. In ta ce a rubuta, takarda ta cika da "sai ya tafi, sai ya dawo". Takan koma ofis ta yi jugum, abinci na hucewa a gabanta.

Malam Safiyanu, abokin aikinta, yana nan ranar da ta tsayar da Firdausi, wadda ta yi layi biyu kacal kan ambaliyar da ta cinye raken mahaifinta.

"Da Baba ya ga gonar, me ya yi?"

"Ya ji haushi, Malama."

"Haushi kawai? Rufe ido ki sake dubansa."

Yarinyar ta rufe ido, sannan ta ce: "Ya tsuguna a bakin kunya ya yi tagumi. Ko sallama bai amsa ba."

"To, shi za ki rubuta."

Bara yanar ido ta fara rufe wa Malama gani, likita a Zariya ya hana ta duba ƙananan rubutu. Ta dawo cikin damuwa, don jarrabawar 'yan aji uku ta matso. Sai ta miƙa wa yaran littafin, su karanta, ita ta kasa kunne. Wanda ya yi tuntuɓe a kan kalma, ta tsayar da shi a juya ta har ta zauna masa.

Ƙarshen zangon nan za ta yi ritaya, har yanzu ba a turo mai maye gurbinta ba. Duk safiya sai ta leƙa ofishin shugaba: "Ranka ya daɗe, an ji wani abu?"

Malama, ke ce uwar masu ba da labari a Gubuchi. Ke kika koya musu cewa sai an karanta ake samun abin rubutawa. Mun gode, Allah Ya ba ki lafiyar ido, Ya saka miki da alheri.

Mu kuma iyaye, kada mu jira a turo wani. Yau in yaro ya dawo, a zaunar da shi ya karanta mana shafi guda.