Tujin Da Na Bari Ya Zubar Da Iri

Assalamu alaikum. A shekarun da zan ba ku labari, ni ne ake tambaya kan harkar feshi a ƙauyenmu da ke mazaɓar Yola ta Karaye. Ni na fara sayen famfon goyo a unguwarmu, kuma duk wanda ciyawa ta yi wa gardama, ƙofar gidana yake zuwa ya yi sallama. Ba zan ɓoye muku ba, wannan girman ya fi mini tuwo daɗi.

Maganin ciyawa guda ɗaya muka riƙe shekara da shekaru, mai ƙone komai kafin shuka. Ana nan sai tuji ya fara taurin kai. Ka fesa, sauran ciyayi su bushe, shi kuwa ya ɗan yi ja, bayan sati biyu ya miƙe abinsa. Na ce wa mutane jabu ake kawo mana, kowa ya ƙara murfi biyu na magani a famfo. Taubashina, ɗan kawuna da ke Falgore ta Rogo, shi ya ce ba haka ba ne. Ya ce ya zauna da malamin gona, ya gane cewa tujin da ya tsira shi ke zubar da iri, 'ya'yansa kuma su gaji taurinsa. Ya ce gyaran mutum ɗaya aikin banza ne, domin ruwa da shanu da garma ba su san iyakar gona ba.

Bai tsaya nan ba. Ya bi manoma da masu shagunan magani da 'yan feshi na ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, har aka yi taro ranar kasuwar Karaye. Aka yarda a riƙa sauya magani, masu shago su daina sayar wa mutum abu ɗaya da sabon suna, sannan a yi gayya a tuge duk tujin da ya tsira kafin ya fid da kai. Da aka zo zaɓen shugaba, wallahi har na gyara zaman hulata. Sai na ji an kira sunansa. Mutumin da ni na koya wa ɗaure bakin famfo! Ana yi masa addu'a ina cewa amin a fatar baki kawai.

Hassada ce tsagwaronta, sai dai na samu rigar da zan saka mata, wato wasan taubasantaka. Duk inda muka haɗu sai in ce ga farfesan tuji, a yi dariya, shi ma ya rama ya kira ni bawan gidansu kamar yadda muka saba tun muna yara. Shi wasa yake yi, ni kuwa da gaske nake. Ranar da gayya ta iso bakin gonata, na tsaya a kan kunya na ce gonata ba makaranta ba ce, ba na bukatar mutanen Rogo su koya mini noma. Ya roƙe ni, ya ce ko da rabin wuni ne. Na ƙi. Ina gani tujin ya fid da kai ya bushe ya zube, ni burina kawai a ce tsarinsa ya rushe.

Abin da ban lissafa ba shi ne, gonar da ke ƙasan tawa a gangaren rafi ta ƙanwata ce. Mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu, kuma masarar wannan gona ita ce cinsu na shekara. Da damina ta zagayo, tuji ya tashi a gonarta kamar an shuka shi. Ta zo ta durƙusa ta ce yaya ya taimaka, tunda ni ne masani. Na fesa kafin shuka, bai ji ba. Da masara ta kai gwiwa na ga ya shaƙe ta, girman kai ya hana ni neman gayya, na haɗa magani mai ƙarfi na bi tsakanin kunyoyi. Iska ta kwashe shi ta watsa wa masarar. Innalillahi! Cikin kwana biyar ganyen ya ƙone, tujin yana nan kore shar.

Ƙanwata ce ta aika wa taubashina. Ya zo da mutane, ya bi hanyar ruwa yana hawa har ya tsaya daidai kan iyakata. Ya dubi gonata, ya dube ni. Na jira ya ce bawan gidanmu. Sai ya gaishe ni da Malam, ya tambayi iyali cikin ladabi kamar baƙo, ya juya ya kama tuge tuji. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Ƙanwata tana tsaye ta ga inda ya tsaya, ta gane, ba ta taɓa yi mini maganar ba har yau. A shekarar ko rabin rumbunta bai cika ba, kuma na ga yaranta suna shan kunu tsararo da azahar.

Damina uku ke nan muna tuge shi a gonarta da hannu, ni ke fara isa, kuma tujin bai ƙare ba. Na nemi gafarar taubashina ya yafe, amma wasanmu bai koma yadda yake ba. 'Yan uwana manoma, in an haɗu a kan gyara ku shiga, ko da wanda ba ku so ne a gaba, domin ciyawar da ka bari ba ta zama a gonarka. Ni taubashina na so in kunyata, marayun ƙanwata suka sha yunwar.