Sai-an-jiƙa

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, sunansa na yanka ya ɓace tun ina ƙarama. Kowa Sai-an-jiƙa yake kiransa, har matarsa in ta fusata. Siriri ne mai taurin kai, kuma duk ƙarfinsa a ɗakin gwaji na jami'a ya ƙare. Ba malami ba ne, shi ne mai riƙe makulli da wanke kwalabe.

Malaman sukan kawo duwatsu daga hamada. Aikin Kawu ya kankare wani baƙin datti da ke jikinsu, ya zuba a ƙananan kwalabe. Dattin nan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Zai busar da su ƙayau, ya jera su ƙarƙashin wata fitila mai hasken da ke ƙona fata, sannan ya kulle a kabad shekara da shekaru. Ranar da aka ɗiga musu ruwa, sai su farka su ci gaba da hayayyafa.

In ya zo gidanmu ba ya barin kunnenmu ya huta. "Kowace ƙwaya da wani zare a cikinta, shi ne rayuwarta," in ji shi. "Bushewa tana tsittsinka shi, hasken nan ma haka. To ita ba kwafi ɗaya take ajiyewa ba. Da ta ji ruwa, sai ta dubi wannan ta ɗinke wancan."

Mama takan ce, "Ka dai ci abincinka kafin shi ma ya bushe."

Abin da ya cuce shi, wannan ilimi ya ɗauko ya kawo gida. Ziyarar dangi, gyaran rufi, ban haƙuri, duk amsarsa ɗaya ce: "A bar shi, ba ya lalacewa. Sai an jiƙa."

Ɗa ɗaya Allah ya ba shi. Ɗan ya bar makaranta ya koma walda, Kawu kuwa ya ci burin ganinsa cikin farar riga a ɗakin nan da shi yake sharewa. A tsakar gida, gaban mutane, ya ce masa, "Kada ka ƙara kirana Baba." Ɗan ya ɗauki jakarsa ya koma wani gari.

Matar Kawu ta yi roƙo har muryarta ta dushe. Shi ma bai daɗe ba ya yi nadama, na sani, don na sha kama shi yana goge hoton ɗan da gefen rigarsa. Amma ko waya bai yi ba. Aka ɗaura wa ɗan aure, bai je ba. Matar Kawu ta rasu, ɗan ya zo jana'iza, ya juya ko kwana bai yi ba. Na ji haushin Kawu ƙwarai a lokacin, har yau ma ban gama hucewa ba.

Da Kawu ya yi ritaya ya ce in raka shi wajen ɗan nasa. A mota sai murmushi yake, yana ta gyara hula. "Lokacin jiƙawa ya yi," ya ce.

Muka tarar da ɗan nasa a rumfarsa yana haɗa ƙofar ƙarfe, furfura ta fara fito masa. Ya kashe inji, ya ɗaga gilashin fuska. Na zaci faɗa za a yi, ko kuka. Sai kawai ya goge benci da tsumma.

"Ƙanwata, ke ce a tafe?" ya ce mini. Sannan ya juya ga Kawu. "Sannu da zuwa, Malam. Ya hanya?"

"Ni ne fa," in ji Kawu.

"Na gane ka, Malam."

Ya kawo mana ruwan gora mai sanyi, ya ga Kawu na ɗingishi, ya tambayi lafiyar ƙafarsa. Babu ko ɗigon fushi a muryarsa, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Kawu ya nemi gafara. Ɗan ya ce ai ya yafe tuntuni. Sai ya dubi ƙofar da yake haɗawa, ya ce mai ita na jira.

A hanyar dawowa Kawu bai buɗe ruwansa ba, yana ta jujjuya gorar a hannu. Da muka yi nisa, sai ya juyo gare ni.

"Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba, 'yata. Ƙwayoyin nan, ba duka suke tashi ba."

Ya ajiye gorar a gefe, ya ci gaba.

"Waɗanda suka ƙi tashi, ni ake miƙa wa kwalabensu in wanke."