Ɗakuna Uku a Allon Maigidana

Ban yi boko ba, har yau ban iya karatu ba. Amma na yi shekaru ina buga katin gayyata a shagon maigidana a unguwar New Bell, ba wanda ya taɓa dawo mini da aiki.

Maigidana ya raba allon kwamfuta gida uku, yana kiran su ɗakuna. Babba na hagu katin aure ne. Na dama a sama katin suna, na ƙasansa katin sadakar mamaci. Dukansu da Faransanci aka rubuta su, ba ado, baƙi ne kawai a jere. Mai aiki ya zo da sunaye a takarda, in tambaye shi aure ne ko suna ko rasuwa, in shiga ɗakin, in kwafi sunayen harafi bayan harafi a guraben da aka bari. Siffarsu nake kallo. Ko an ɗauke wuta, in ta dawo ɗakunan na nan yadda aka bar su.

Maigidana ke rufe tsofaffin takardun da ke buɗe a allon in sun taru. Kafin ya rufe ta ƙarshe a ɗaki, sai ya fara buɗe wata a wurin. In ba haka ba ɗakin ya ɓace, na kusa ya cinye filinsa. Yakan ce kamar gidan katako ne a unguwarmu, in ɗan haya ya fita ba a sa wani ba, damina ɗaya ta kayar da shi. Ni kallo nake, ban taɓa sa hannu ba.

Ya rasu. Na gama takaba, danginsa suka ce a sayar da shagon, macen da ba ta karatu ba za ta iya riƙe shi ba. Na ce da shi nake ciyar da yarana. Suka bar mini, da sharaɗin ranar da aka kawo ƙarata, an gama.

Aiki ya tafi daidai har takardu suka taru, injin ya yi nauyi. Na kira ƙanin maigidana, wanda ke aiki da masu fitar da kaya a tashar jirgin ruwa. Ya zo da waya a kunne.

"Matar yaya, wannan allo ne ko cunkoson motocin mahaɗar Ndokoti?"

"Rufe takardun, ka bar mini ɗakunan. Ka fara buɗe wata kafin ka rufe."

"Wa ya koya miki informatique, har kin san kwamfuta?"

"Yayanka."

"Allah ya jiƙansa, shi ma a titi ya tsinta. C'est rien, ba wani abu ba ne."

Ya shiga dannawa yana ciniki a waya. Ina tsaye uku suka koma biyu, biyu suka koma ɗaya.

"Voilà, yanzu ya yi tsabta."

Na tare ƙofa. Na ce ba ya fita sai ya mayar mini da abina. Ya yi tsaki, ya sake raba allon uku, ya zuba takarda a kowane ɗaki.

"Aure na hagu?"

"Oui, oui."

Ko kallon allon bai yi ba. Ya hau babur ya tafi.

Na ga kamar layukan sun ɗan canza, na ɗauka faɗin ɗakin ne ya sa. Katin aure da na sadaka gaisuwa ɗaya suke farawa da ita, guraben suna biyu ne a kowanne. Ashe ya sa na mamaci a hagu, ya sauke na aure ƙasa.

Wanda ya fara zuwa wani Alhaji ne mai sayar da yadi, bai daɗe da zuwa daga Najeriya ba, Faransancinsa bai wuce na ciniki ba. Ɗansa zai yi aure. Na shiga ɗakin hagu na kwafi sunaye, na buga, ya kwasa ya raba a masallaci. Sunan ango ya faɗa a gurbin mamaci. Kafin la'asar mata sun fara shiga gidan suna salati, uwar ango ta faɗi.

Aka tara dangin maigidana. Ƙanin nan ne ya fara magana.

"Ai na faɗa tun farko, ba ta karatu."

Na ce, "Ni ban iya ba, kai da ka iya me ka karanta ranar nan?"

Babban yayansu ya ce in yi shiru, da manya ake magana. Ba wanda ya tambaye shi komai. Ni na je gidan Alhaji na durƙusa, ni na sha zagi a kasuwa. Aka sayar da shagon, mai gyaran waya ya saya.

Yanzu ƙosai da kunu nake sayarwa a bakin masallaci, yarana suna ci. Ƙanin nan yakan biyo ta wurin da sabuwar rigarsa, ya yi mini sallama. Amsa sallama wajibi ne, ina amsawa. Ba na ƙara masa komai.