Saki Muka Yi, Ba Jifa Ba

Ban manta da wata Talata cikin damina ba, a shekarar da nake hidimar ƙasa a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar fasaha a nan Tamale. Ina rubuta wannan ne saboda ku da za ku karɓi aikin bayanmu, domin ku san cewa ba ɗalibai kaɗai ke shigowa ta ƙofar nan ba.

Ga wanda bai san ɗakin ba, akwai wani dogon ƙarfe da aka kafa a tsaye, ya ɗan ɗara tsayin mutum. Da shi muke gwada hular kwano ta masu babur. Ana sa hular a kan wani ƙoƙon kai na ƙarfe, maganaɗisu ya riƙe shi a sama. Idan aka danna maɓalli sai ya sake shi, ya faɗo kan wata uwar maƙera. Dab da ƙasa akwai na'urori biyu da ma'aikata ke kira sensa, ni kuwa idanu nake ce musu, domin aikinsu ke nan. Na sama ya ga wucewar hular, na ƙasa ya gani, sai allo ya nuna lokacin da ta ɗauka tsakaninsu. Daga wannan lokacin ake sanin gudun da ta bugi ƙasa da shi.

Shugabana shi ne Injiniya Fuseini, Badagombe ne da ya koyi Hausarsa a kasuwa. Da safe ya kira ni gefe ya ce wani dattijo zai zo, Alhaji Sumaila na Moshi Zongo, mai sayar da kayan babur. 'Yarsa Asana ungozoma ce. Ta faɗi da babur, wanda a nan ake ce wa moto, wajen Bulpiela tana kauce wa wani mai keken haya, kanta ya bugi bakin kwata, ba ta kai asibiti ba. Hular da ke kanta daga shagon mahaifinta ta fito, shi ya ba ta da hannunsa.

"So yake mu ce masa ba laifin hula ba ne," in ji Injiniya. "Basiru, ka yi aikinka, ka rage dogon bayani."

Alhaji ya iso da huluna biyu sababbi a cikin buhu, baƙaƙe masu shuɗin layi a tsakiya. Na durƙusa na yi masa ta'aziyya. Ya amsa a taƙaice, ya ce daga kwali ɗaya suka fito da ta Asana.

Na ɗaura ta farko, na duba idanun, na danna. Hular ta tsage daga goshi zuwa ƙeya, ƙoƙon ƙarfen ya leƙo ta tsagar. Alhaji ya ɗauki ɓari ɗaya yana juya shi.

"Kun jefa shi," ya ce. Hausar zangonmu ba ta cika raba namiji da mace ba, kuma ranar ban gyara ta ko a zuciyata ba. "Mashin ɗinku ya jefa shi da ƙarfi. Ko dutse ne zai fashe."

Na ce, "Baba Alhaji, saki muka yi, ba jifa ba. Da an jefa ta, da lambar nan ta allo ta ragu."

"Ni ban san lamba ba, ɗana."

Injiniya bai yi gardama ba. Ya ɗaga ƙoƙon ƙarfen babu hula, ya sake shi, ya sa Alhaji ya dubi allon: lambar ɗazu ce. Ya sake ɗagawa, wannan karon ya ingiza shi ƙasa da hannu, lambar ta ragu. Sai ya ce, "Alaji, ka gani? Idan akwai hannu a ciki, ido zai faɗa. Yanzu kai za ka danna."

Na ɗaura ta biyu. Alhaji ya zagaya ƙarfen, ya leƙa bayansa ko akwai wata igiya, ya shafa maganaɗisun. Ya yi bisimilla, ya danna. Lambar ba ta sauya ba, hular ma ba ta tsira ba.

Ya tambaye ni wannan gudun kamar na me ne a kan titi. Na ce kamar na mai keke ne da ke sauri.

"Keke," ya maimaita. "Asana ma ba ya gudu da moto. Kullum ni ke ce masa ya ƙara wuta, zai makara."

A kan kanta muna da wata farar hula mai inganci, wadda muke kwatanta sauran da ita. Idon Alhaji ya sauka a kanta. Injiniya ya lura, ya ce ba ta cikin aikin yau, kuma azahar ta gabato.

"Injiniya, ni ba yaro ba ne. Sa shi."

Injiniya ya dube ni, ya ɗaga kai. Na ɗaura ta, Alhaji ya danna. Ta bugi ƙarfen ta yi tsalle. Da na ciro ta, ƙarzuwa kawai ta yi a gefe guda. Lambar allon kuwa ita ce dai.

Alhaji ya zauna a kan benci. Sai ya ce da ni, "To, malam mai Hausa. Da wannan ne a kansa, da yana nan?"

Na san amsar da yake so, na kuma san wadda yake tsoro, kuma babu ko ɗaya a hannuna. Na ce, "Baba, idanun nan lokacin faɗuwa kaɗai suke gani. Ba su ga titin Bulpiela ba, ba su san ajali ba. Abin da suka shaida shi ne, duka ukun faɗuwa ɗaya suka yi. Biyu sun fashe, ɗaya ba ta fashe ba. Bayan wannan ban sani ba."

"Ai ka faɗa," ya ce.

Ya kwashe ɓarorin ya mayar cikin buhu. A bakin ƙofa ya tsaya ya gaya wa Injiniya, kamar mai ba da labarin wani, cewa tun kafin sallah yake sayar da irinsu, har daga unguwar Sabonjida an zo saye, kuma yawancin masu sayen mata ne, domin hulunan ba su da nauyi a kai.

Wani maƙwabcinsa ya gaya mini daga baya cewa ranar Juma'ar makon, bayan an idar da salla, Alhaji ya miƙe a masallacin unguwa da ɓarin hula a hannu, ya roƙi duk wanda ya saya a wurinsa ya dawo da ita. Wasu sun dawo da su. Wasu sun ce baƙin ciki ne ya taɓa dattijon.

Abin da na koya shi ne, wanda ya kawo mana abu don a gwada, sau da yawa wata tambayar ce daban a ransa, wadda na'ura ba ta amsawa. Haƙƙinsa a kanmu shi ne mu faɗi iyakar abin da aka auna, kada mu rage don tausayi, kada mu ƙara don nuna sani. Idan kuma ya yi shakka, ku ba shi maɓallin.

Har yau, idan na tsaya a mahaɗar titi da safe, nakan hango baƙar hula mai shuɗin layi a kan wata mata, ta goya yaro, tana jiran a ba da hanya.